Littafin da Aka Yi wa Ɗinkin Hula

Gyara zama, in ba ka misalin wata mai ɗinkin hula. Mace ce da ta tsufa da allura a hannu, hularta kuwa tun kafin ta sauka daga gwiwarta an riga an yi cinikinta. Mijinta yana da wani tsohon littafin addu'o'i na ajami, rubutun hannun mahaifinsa, ba shi da wani gado da ya kai masa shi. Zaren littafin ya ruɓe, takardun sun rabu, kullum da hantsi in ya zauna karatu sai iska ta kwashi biyu ta yi tsakar gida da su, a ga dattijo yana tsere da akuya. Abin ya ishi matar. Ta ce a ranta, ita da take zuba zare a hula kamar rubutu, ɗinkin takarda ne zai gagare ta? Malam, wato mijin nata, na fita kasuwa ta jera takardun, ta danne su da dutsen guga, ta bi gefen dama da ƙananan ɗinki a jere, tana jan zare tamau yadda ta saba. Wallahi aikin ya yi kyau, har ado ta yi masa da shuɗin zare. Malam ya dawo ya yi ta sa albarka, ya zauna zai buɗe, littafi ya ce bai san zancen ba. Da ƙyar ya ɗan ɓare shi, sai ga kowane layi babu kai, domin ajami daga dama yake farawa, kuma nan ɗin ne allurarta ta haɗiye. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Hajiya, ai hula kika ɗinka mini, sai dai in sa a kai." Ita ma ta dara, amma ba ta taɓa ɗinkin ba, don ta san takarda ta tsufa, in ta warware da garaje rubutun surukinta ne zai bi zare.

Washegari ta ajiye girman kai, ta yafa mayafi ta nufi rumfar wani tsoho mai gyaran littattafai a bakin kasuwa. Ta ce, "Baba, na iya allura, amma ban iya wannan ba, a koya mini." Tsohon ya nuna mata yadda za ta tsinke zarenta ɗaya bayan ɗaya, ta manne takardun biyu-biyu da siririyar takarda da sitaci, ta ninke su, allura ta bi ta cikin ninkin kawai ba ta kan rubutu ba. Ya ce ta goga wa zaren kakin zuma, ta kuma sassauta hannu, takarda ba yadi ba ce. Ta koma gida ta fara gwadawa da tsofaffin takardun makaranta, ta ɓata, ta sake, hannun yana son ya ja tana hana shi, har ya saba. Sannan ta taɓa na Malam. Ɗinkin bai kai na farko kyau ba, wani wajen ma ya karkace. Amma da ya ɗora littafin a cinya, sai ya buɗe ya kwanta shimfiɗe, kowane layi da kansa. Ya fara karantawa a bayyane daga bismilla, kai ka ce mahaifin ne yake biya masa. Ita kuwa tana gefe da faifai, wai tsintar shinkafa take yi, alhali farin ciki ya hana ta ganin tsakuwa ko ɗaya.

To ka ji, gwaninta ta kusa cinye gadon mutum, tambaya ta ƙwato shi. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce matambayi ba ya ɓata.