Bangon Littafin Ɗan Fari

Ranar da ta iya haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci na garin Yako, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗauko littafin da ɗanta ya rubuta a kurkuku, wasu samari suka buga a Kano. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai ta ɗora yatsa kan kalmar da ke saman sunan.

"Ma... ri... ga... yi."

Ta sake karantawa, kalmar ba ta canza ba.

Sai ga autarta da murna.

"Inna, ga Yaya! Yau ma gandiroba ya ara masa waya."

Inna ta karɓi wayar ta kara a kunne. Muryarsa ce sak. Tun kafin ta yi magana, muryar ta tambaye ta:

"Inna, me kike karantawa?"