Mai Tukwane a Ɗakin Kifin Ƙanƙara

Ka ce sai ka sauka can za ka nemi rigar sanyi. To, na ji. Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma ba na son doguwar magana. Zauna ka ji wannan.

An yi wata mata mai ginin tukwane. 'Yarta tana aure a wata ƙasa can nesa, inda ƙanƙara ke kwance a titi har lokacin da mu nan muka shiga bazara. Cikin yarinyar ya tsufa, haihuwar fari ce, kuma likita ya hana ta hawa jirgi, balle ta zo gida wanka. Sai mijin ya aiko wa surukarsa da tikiti, ta je can ta kula da jego. Uwar tana da ciwon ƙirji, sanyi kaɗan ke tayar mata da tari. 'Yar ta gaya mata a waya, "Inna, in kika iso da tari, likitocin nan ba za su bari ki ɗauki jaririn ba." Uwar ta ajiye waya. Ta ga kanta kwance ana jinyarta a gidan da ta je jinya.

Ba ta san sanyin ƙasar ba. Tukunya ta sani, ita kuwa tukunya ba a kai ta kasuwa sai an cika ta da ruwa an ga ko tana yoyo. Tun tafiya na da nisa ta shiga wajen 'yan gwanjo ta sayi rigar sanyi mai kauri. Daga nan ta wuce layin masu kifin ƙanƙara, ta roƙi mai ɗakin sanyi ya bar ta ta shiga ta ɗan tsaya. Mutumin ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Baba, in kika daskare, tare da kifin zan auna ki." Ya buɗe mata ƙofa.

Ta tsaya tsakanin kwalayen kifi. Riga ta riƙe ƙirji. Amma ƙafa a cikin silifa ta mutu, sanyi ya bi ta ƙarƙashin zane ya hau, kunnuwa kamar ana yanka su da reza. Ta fito ta san inda take yoyo. Ta sayi safa da takalmi rufaffe. Ta koma, yatsun hannu suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sayi safar hannu, da dogon wando na sawa a ƙarƙashin zane, da hular ulu da za ta ɗaura ɗankwali a kai. Haka ta yi ta zuwa tana toshe kafa, har ranar da ta tsaya a ɗakin ta daɗe, mai kifi ne ya gaji ya ƙwanƙwasa mata.

Ran nan don murna ta kama hanyar gida da kayan duka a jikinta, rana tsaka. Ba ta kai bakin titi ba jiri ya ɗebe ta. Ta zauna a gindin wata darbejiya tana tuɓewa ɗaya bayan ɗaya, gumi ya jiƙa ta sharaf. A nan ta gane sauran karatun: wanda ya jiƙe da gumi a filin jirgin Kano, da jiƙaƙƙen kaya zai sauka cikin ƙanƙara. Kayan ba a sa su gaba ɗaya. Ana ƙara su ne a hanya, kuma wurinsu jakar hannu, ba akwatin da ake jefawa a cikin jirgi ba.

Ranar tafiya ta shiga jirgi da atamfarta da mayafi, kamar mai zuwa suna a unguwa. Da jirgi ya yi sama sanyi ya fara ratsawa, ta sa safa da 'yar riga mai dogon hannu. Inda aka sauka canjin jirgi, ta shiga banɗaki ta sa wando da takalmi. Da aka ce an kusa, ta zaro babbar rigar da hula. Kusa da ita wani ɗan kasuwa ne cikin shadda mai sitaci, ya yi ado don masu tarbarsa, rigar sanyinsa tana ƙasan akwati. Aka sauka, aka jira kaya, aka ce akwatunan su biyun sun tsaya a wurin canji, sai daga baya. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofar fita, iska ta shiga shaddar nan kamar babu komai a jikinsa. Matar ta matso kusa da shi. Ta miƙa masa mayafinta ya naɗe wuya, da safa guda da ta yi saura. Ya karɓa da hannu biyu, haƙora na kaɗawa. Duk da haka sai da ya kwanta ciwo.

Ita kuwa ta taka ƙanƙara ta shiga motar surukinta, ko atishawa ba ta yi ba. Akwatin kuka da daddawa da yajin jego ya biyo ta daga baya. Da 'yar ta sauka, hannun kakar aka fara ɗora jaririn, ita ta yi masa wankan fari, ita ta tafasa wa uwar ruwa.

Kai ma za ka je lafiya ka dawo lafiya, in Allah ya yarda. Amma kasuwa yau za ka shiga, ba jajibirin tafiya ba. Hausawa sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.