Farang 14

Tong ya ajiye takardar a gefen kwamfutar ubansa, ko gaisuwa bai yi ba. Takardar neman canjin suna ce. So yake ofishin gunduma ya cire masa Rueangsi, sunan gidansu, ya sa masa na mahaifiyarsa. Ofishin ga shi nan tsallaken titi, amma da gangan ya kawo aikin buga takardar wannan shago na ubansa.

Shekara goma sha huɗu rabonsa da garin Phichit. Shagon bai canza ba: tsohuwar tafireta a saman kabad, fanka mai ƙara, wuƙar yankan takarda a kusurwa. Wuƙar da ta cire masa ƙaramin yatsan hagu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar da ubansa ya daka masa tsawa ya yi sauri. Wata biyu bayan nan mahaifiyarsa ta kwashe shi sai Darwin, can ƙasar Turawa.

Sanoh, uban, ya karanta takardar har ƙasa. Sai ya ture ta da bayan hannu, ya ci gaba da buga koken wata mai gonar ayaba da ke jira a benci.

Tong ya zuba wa hannayen ido. Shekara arba'in tsohon yana bugu da Kedmanee, tsarin jeren haruffa a kan maɓallan bugu da kowane ɗan makaranta ke koya, kuma har yanzu ba ya duban maɓalli. Amma ƙaramin yatsansa na hagu a naɗe yake cikin tafi, lafiyarsa ƙalau, sauran taran ne ke aiki. Jini ya hau wa Tong ka. Wato kwaikwayonsa ma ake yi, a gaban baƙuwa.

"Baba, aiki na kawo."

"Ba na buga wannan. In kai ɗan ƙasa ne, zauna ka buga da kanka."

Gwaggo Lamai, ƙanwar Sanoh, wadda ke sayar da kofi mai ƙanƙara a bakin shagon, ta leƙo. "Ku bari matar nan ta tafi kafin ku cinye juna."

Sanoh ya san inda ya soka. Tong yana jin yaren ƙasar, yana karanta shi, amma Kedmanee ya gagare shi. Haruffa arba'in da huɗu, ga wasula, ga alamomin murya, kusan rabinsu sai an danne wani maɓalli da ƙaramin yatsa kafin su fito. Sau uku ya gwada koya a Darwin, sau uku ya watsar.

Sai wata rana, a zauren intanet na Turawa masu koyon yaren, wani mai hoton kyanwa ya turo masa wani tsari, shi kaɗai, ba ko sallama. Sunan tsarin Farang 14, wato na baƙi. Kowane harafi yana zaune a kan harafin boko mai irin sautinsa. Layin ƙarshe na hagu kuwa, wanda ƙaramin yatsa ke dannawa, fayau yake, ba a ɗora masa komai ba. Tong ya ɗauka sa'a ce ta faɗo masa. Cikin mako uku hannunsa ya faɗa. Da shi ya samu aikin fassara, da shi kuma ya rubuta wa ubansa wasiƙa ɗaya tak, shafi biyu na zagi. Amsa ba ta zo ba.

Da mai gonar ayaba ta fita, Tong ya zaro ɗan filas na ajiye bayanan kwamfuta daga aljihu.

"Mene ne wannan?" in ji Sanoh.

"Tsarin da nake bugu da shi."

"Na Turawa? Ka je can sun mayar da kai gurgu a hannu, gurgu a baki."

"A nan aka gurgunta hannun."

Gwaggo Lamai ta koma wajen kofinta.

Tong ya ja kujerar ya zauna. Abin mamaki, tsohon da ya ce masa ya buga da kansa shi ne ya miƙe ya tare allon da jikinsa.

"Ba a wannan ba. Je ka shagon maƙwabcinmu Ai Chom, ya ba ka tasa."

"Kai ka ce in buga."

"Na fasa. Kada ka sa mini ƙazanta a na'ura."

Tong ya ture hannun. Tsohon ba nauyi gare shi, ya dangana da kabad har tafireta ta girgiza. Ƙarfe huɗu ake rufe ofishin gunduma, ga shi uku ta wuce da rabi. Yau zai bar sunan nan a kan teburin mai shi, gobe ya hau jirgin ƙasa zuwa Bangkok.

Ya cusa filas ɗin, ya danna a shigar da tsarin. Kwamfutar ta ƙi. Ta ce tuni akwai shi a cikinta.

Ya sake dannawa. Ta sake cewa akwai shi.

"Ka ga irin taurin kan nan," Sanoh ya faɗa a hankali, idonsa a titi. Yatsan nan har yanzu yana naɗe a tafinsa, kamar ya manta yadda ake miƙe shi.

Tong ya buɗe jerin tsare-tsaren da ke cikin na'urar don ya ga inda matsalar take. Kedmanee ne a sama. A ƙarƙashinsa Farang 1, Farang 2, Farang 3, haka suka jeru har goma sha huɗu, kowanne an ɗan gyara na bayansa, kuma a gefen na ƙarshen akwai ƙaramin hoton kyanwar da ke barci yanzu haka a ƙarƙashin bencin shagon, hoton nan dai na wanda ya turo masa tsarin a Darwin.