Inda Ban Yi Dariya Ba

Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida ƙanin maigidana ya shigo ba sallama. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Maigidanki ya faɗi a filin firamare ana cikin gwajin wasa, rai ya yi halinsa."

Shekara talatin da ɗoriya yana jagorantar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙauyenmu. Ko da ƙaramar hukuma ta ɗauke shi aikin raya al'adu, bai bar ƙungiyar ba. Zannuwana sun zama labule, tukwanena sun je wasa a Makoda sun dawo a fashe, ni kuwa ban taɓa zuwa kallo ba. Na ɗauka wasa ya ƙwace mini miji. Abin da na sani, kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa mini tabarma, ya tsaya gabana yana sauya murya, yau dillali, gobe tsohuwa. Na zaci rarrashina yake saboda tukwanen.

Da na fita takaba, 'yan ƙungiyar suka yi sallama a zaure, har da masu furfura.

"Inna, wasan ƙarshe bai kammala ba. Mun zo ki duba mana."

"Ni? Me na sani?"

Babbansu ya ce, "Ai kullum sai ya ce mana, 'A cire nan, jiya ba ta yi dariya ba.' Babu wasan da ya fita sai da kika yarda."

Allah ya saka wa maigidana da Aljanna. Har yau bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarmar da kaina. Suna zuwa. Idan na yi shiru, sun san abin da za su cire.