Jumare da Ɗansa

Ranar da aka tsare kwantenarsa a tashar jiragen ruwa, Alhaji Jumare ko ruwa bai sha ba. Wani ɗan baƙin ciki ne ya raɗa wa jami'an duwan, wato kwastan, cewa akwatunan wifi ɗinsa jabu ne. In ta tabbata, a ƙone kaya a rufe shago.

Jabu? Shi da ya san tarihin kamfanin kamar yunwar cikinsa! Tun suna 'yan tsiraru a wani gareji a Kanada, suna ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke kama intanet ba waya, shi ke sayar da kayansu a kasuwar Ajame. Sun durƙushe, wasu suka saye su, suka sake miƙewa, duk yana nan.

Ba kayan ne ke cin ransa ba, allon shagon ne: Jumare da Ɗansa. Nan kaɗai ɗansa Abdulra'uf ya rage masa. Yaro ne mai shegen zane, har ƙofar shagon ya ɓata da wani zakara mai ƙafa uku. Ya ƙi kasuwa, sai kwance rediyo yana haɗawa. Da uban ya gaji ya ce ya bar masa gida, sai ya bari. Daga baya aka ce jirgin da ya shiga ya kife a teku, aka yi masa sallar ga'ib a unguwar Williamsville. Shekaru sun ja, Alhaji bai yafe wa bakinsa ba.

Aka kai akwati ɗaya unguwar Treichville wurin Huda, injiniyar da za ta tantance. Ta ɓare 'yar ƙwaƙwalwar, ta sa a madubin ƙara girma, ta duba ta a tsanake. Alhaji na tsaye a gefenta yana jira.

"Baba, kwantar da hankalinka, na gaske ne," in ji ta. "Masu ƙera ta suna da al'ada. Wanda ya tsara ta yakan ɓoye ɗan tambarinsa a kusurwa, 'yan jabu ba sa kula da shi. Wannan ma ƙirar bana ce. Zo ka gani."

Alhaji ya yi hamdala, ya cire tabarau, ya kafa ido.

A kusurwar, kusa da shekarar bana, zakara ne tsaye da ƙafa uku.