Lamba Ɗaya

Tun da aka kafa dokar layi, duk yaro mai nakasa ana ɗaura masa munduwa mai nuna lambarsa a jiran gurbin makaranta. Shafa'atu, 'yar Lantana, kurma aka haife ta, shekara uku tana kan lamba biyu.

Ranar Talata Lantana ta riƙo hannunta suka shiga yi wa maƙwabciyarsu Tabawa gaisuwa, an binne makahon ɗanta da safe. Suna zaune a tabarma munduwar ta yi ƙara, lambar ta koma ɗaya.

Lantana ta yi sauri ta rufe hannun da mayafi, amma murmushi ya riga ya kuɓuce mata.

Tabawa ta dube ta. "Bar ɓoyewa, Maman Shafa, ni ma na yi wannan murmushin. Nawa shekara shida ya yi a kan ɗaya."