Ƙarar Sha'ibu Baduku

Tun da Habibu ya sayi moto, wato babur, ya daina gaida mutane. To, ya dai daina gaida Malam Sha'ibu baduku, kuma a wurin Malam Sha'ibu duk ɗaya ne.

Da can, Habibu da ƙafa yake zuwa lakwal, makarantar bokon da yake koyarwa. Sai ya tsaya ƙofar Sha'ibu su gaisa har a tambayi lafiyar awaki. Yanzu fa? Sha'ibu zai fito daga zaurensa mai duhu, ya ja hula har gira, ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa kamar yadda ya saba tun yana saurayi, don shi ba ya afka wa titi kamar marar gida. Sai ya ji ƙugin moto ya wuce. Shi ke nan. Ko tari babu.

Mutumin da duk Birnin Damagaram ya san ɗinkin jakarsa, a wuce shi kamar turken jaki! Ya rantse ɗansa Fahad ba zai auri Sakina 'yar Habibu ba, ko da yake yaran suna son juna, har an sa rana. Fahad ya daina cin tuwo. Sha'ibu ya ce yunwa ba ta kashe ɗan baduku, ya kai ƙara wurin mai unguwa Suma'ila.

A zauren mai unguwa, Sha'ibu ya buɗe baki bai rufe ba. Ya faɗi asalinsa, ya faɗi na Habibu, ya ƙara gishiri. Mai unguwa ya jefo masa goro ko zai yi shiru, goron ya daki ƙirjinsa ya faɗi ƙasa.

"Ka gani? Ko miƙa goro mutanen yanzu ba su iya ba."

Habibu ya gyara tabaransa mai kaurin gindin kwalba. "Ranka ya daɗe, ni fa kullum..."

"Kullum me? Malamin lakwal! Da kuɗin bashi aka sayi moton ko da na gado, ni ban tambaya ba. Amma ni ba tsaranka ba ne."

Raudatu, 'yar mai unguwa, likitar ido ce. Ta kawo ruwa, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, a ba ni izini. Na daɗe ina kallon abin nan daga ƙofarmu. Ina zaton ba raini ba ne, ido ne."

Sha'ibu ya gyara zama. Wannan magana ta yi masa.

"A bayan ido akwai ƙwayoyin halitta masu karɓar haske," in ji ta. "In haske ya shigo, wani sinadari da muke kira furotin G sai ya tashi da saƙo, kamar maroƙi. Shi da kansa yana yin shiru, amma sai ya ga dama. Don haka akwai wani furotin, RGS, mai kama shi ya rufe masa baki nan take, don ido ya karɓi saƙo na gaba. Akwai waɗanda aka haifa nasu mai rufe bakin ba ya aiki. Ba su da yawa. In haske ya sauya musu farat ɗaya, maroƙin sai ya yi ta ihu a kan tsohon labari. Abu mai gudu kuwa, kafin su gan shi ya wuce."

"Allahu akbar," in ji Sha'ibu, yana kallon tabaran Habibu da tausayi mai daɗi. "Ashe makaho ne. Makaho a kan moto! Kai Habibu, me ya hana ka faɗa? Da na sa a riƙa ja maka gora."

Habibu ya yunƙura. Mai unguwa ya danne masa gwiwa.

"Amma sai an duba kafin a tabbatar, Baffa," in ji Raudatu, idonta a ƙasa. "Da za ku zo asibiti tare da shi gobe."

"Zan raka shi. Ni ba na riƙon marar lafiya. A gaya wa Fahad ya ci tuwo, aure na nan."

Habibu ya fita, ya tada moto. Sha'ibu ya biyo baya, ya fito cikin hantsi, ya ja hula har gira, ya tsaya ƙyam. Moton ya zagayo ya wuce ta gabansa.

"Kun gani ko? Yanzu na yafe masa, ko kallo ban samu ba. Allah sarki, makanta!"

Mutanen da ke bakin ƙofa suka bi Habibu da kallo yana tafiya, hannunsa na dama a sama, yadda duk unguwa ke ganin yana ɗaga wa Sha'ibu kowace safiya tun ranar da ya sayi moton.